Yadda malamin firamare da mai bincike za su haɗa kai su gyara lissafin zance a aji

Duk wanda ya taɓa riƙe aji huɗu ko biyar ya san wannan abin: ka rubuta 36 ÷ 4 a allo, hannuwa su tashi ko'ina, amma da ka mayar da shi zance ka ce mutum yana da mangwaro 36 zai raba wa yara 4, sai aji ya yi tsit, can wani ya ce "malam tarawa za a yi ko ɗebewa?" Irin wannan lissafin na zance shi ne nake so mu yi magana a kai, da yadda malamin aji zai jawo wani mai bincike daga kwalejin ilimi ko jami'a su yi aikin tare. Ba irin wanda muka saba ba fa, da ɗalibi zai zo da takardun tambayoyi a cike masa ya tafi ya rubuta furojet, ba a ƙara jin ɗuriyarsa.

Tsarin da zan bi ba sabo ba ne, na mutanen Japan ne, sun fi shekara 100 suna yi. Malamai su tsara darasi ɗaya tare, ɗaya ya koyar saura suna kallon yara, a zauna a tattauna, kuma yawanci sukan gayyato wani masani daga waje ya yi jawabin ƙarshe. Duniya ta farga da shi bayan binciken bidiyo na TIMSS (nazarin ƙasa da ƙasa kan lissafi da kimiyya) na 1995 da ya kwatanta azuzuwan lissafi na Japan da Jamus da Amurka. Zambiya ta ɗauka a 2005. Mu ma nan ba baƙonmu ba ne sosai, don shirin SMASE na ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, da aka fara da tallafin JICA, hukumar raya ƙasashe ta Japan, a 2006 a jihohin Kaduna da Neja da Filato, wanda daga baya Cibiyar Malamai ta Ƙasa (NTI) da ke Kaduna ta zama cibiyar horonsa, yana koyar da a tsara, a yi, a duba, a gyara. Illar dai ita ce da yawa daga wakshof aka tsaya, aka karɓi satifiket aka ajiye.

Mataki na farko, nemo abokin aiki

Kada ka jira sai an turo maka. Kwalejojin ilimi suna da sashen koyar da lissafi da na ilimin firamare, irin su Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, ko Shehu Shagari a Sakkwato, ko Isa Kaita a Dutsin-Ma, ga tsangayar ilimi a BUK da ABU. Hanya mafi sauƙi ita ce lakcarorin da ke zuwa duba ɗalibai masu tishin firaktis, da ƙafarsu suke zuwa makarantarku, ka tare ɗaya ka ce ranka ya daɗe ina da matsala a ajina, ko za mu duba tare. Su ma fa suna buƙatarka, don ƙarin girmansu yana rataye da takardun bincike, masu digiri na biyu kuma kullum neman makarantar da za ta karɓe su suke yi.

A ɓangaren makaranta a samu malamai uku zuwa biyar, in son samu ne har da na ajin ƙasa da na sama, kamar aji uku da huɗu da biyar. Hedimasta ya sani tun farko, a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a sanar da kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) da iyaye. Shi ke nan, wannan ba ya buƙatar dogon turanci.

Na biyu, ku yi magana ta gaskiya kafin a fara

Nan ne yawanci abin ke lalacewa tun ba a je ko'ina ba. Malamin firamare in ya ga dokta ya shigo aji da littafi da biro, abin da zai zo masa a rai sufeto ne, sai ya shirya darasin nuni, ya ma koya wa yara amsar tun jiya. To a kashe wannan tun a zaman farko. A yarda cewa ba malami ake aunawa ba, tunanin yara ake kallo, kuma babu abin da aka gani a aji da zai je ofishin hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha (SUBEB) da sunan wani. A yarda darasin na kowa ne, in bai yi ba dukkanmu ne ba mu hango ba. Kada a rubuta sunan yaro a rahoto, a ba su lamba. In za a ɗauki bidiyo da waya sai iyaye sun amince, kuma ba na sawa a Facebook ko TikTok ba ne. Sannan maganar da ake jin nauyi: in an buga takarda, sunan malaman da suka yi aikin zai fito tare da na mai binciken ko kuwa? A faɗa yanzu. Haka kuɗin fotokwafi da na mota, a san wa zai biya.

Shi kuma mai bincike, ina ba shi shawara ya fara zama a aji sau biyu ko uku bai ce komai ba, ya ga yadda ake da yara tamanin a ɗaki ɗaya, rabi a ƙasa, alli guntu, littafi ɗaya mutum biyar. Bayan nan shawarar da zai bayar za ta zo daidai da wurin.

Na uku, ku gano inda yaran suke tuntuɓe

Wannan shi ne matakin da na fi so a daɗe a kai, don "yara ba sa gane lissafi" ba magana ba ce da za a iya aiki da ita. A haɗa ɗan gwaji, tambaya biyar kacal, a ce musu babu maki babu bulala. A yi shi kashi biyu, na Turanci kamar yadda yake a littafi, da irinsa da Hausa wanda malami zai karanta da baki, a canza lambobi kawai. Bambancin da za ku gani tsakanin biyun zai gaya muku nawa ne matsalar harshe nawa ne ta lissafi.

A cikin biyar ɗin a saka tambaya ɗaya marar amsa. Wajen 1980 masu bincike a Giranobul ta Faransa sun tambayi yara: jirgin ruwa yana ɗauke da tumaki 26 da awaki 10, shekarun kyaftin nawa? Cikin yara 97, guda 76 sun ba da amsa ta hanyar juya lambobin, kamar su tara su ce 36. Ku yi namu: makiyayi yana da shanu 25 da tumaki 12, shekarunsa nawa? Duk yaron da ya rubuta 37 ba daƙiƙi ba ne, makaranta ce ta koya masa cewa duk inda ya ga lamba biyu to ya yi musu wani abu ya miƙa wa malam, ba ruwansa da ma'ana. In mafi yawan aji suka faɗa ramin nan, kun ga inda aikin yake.

Bayan gwajin a zaɓi yara kamar shida, biyu masu ƙoƙari, biyu tsaka-tsaki, biyu na baya, a zauna da kowa shi kaɗai minti goma. Akwai tambayoyi biyar da wata malama a Ostareliya, Anne Newman, ta fito da su a 1977, kuma har yau suna aiki:

Karanta min tambayar.
Me ake so ka nemo?
Ta yaya kake ganin za ka nemo shi?
Yi in gani, kana yi kana faɗa min.
To rubuta amsarka.

Inda yaro ya fara tsayawa nan ne matsalarsa. Wani karatun ne ma bai iya ba, wani ya karanta tar amma bai san me aka ce ba, wani ya gane labarin sarai amma bai san ko sau za a yi ko rabawa ba, wani kuma ya san rabawa ce hannunsa ne ke kuskure. Maganinsu ba ɗaya ba ne, amma a jarrabawa duk jan biro ɗaya suke samu. Malamin aji ne ya kamata ya yi tambayoyin tunda yara sun saba da shi, mai bincike ya zauna gefe yana rubuta abin da yaro ya faɗa kalma da kalma. Kuma don Allah malam ka daure kada ka taimaka, na san bakin zai yi ƙaiƙayi.

Wani abu da za ku ƙara, ku tambayi masu talla a cikinsu. Yarinya mai awara, ɗaya naira 50, an sayi bakwai an ba ta 500, nan take za ta ce biyu ɗari, huɗu ɗari biyu, shida ɗari uku, da hamsin, canjinka ɗari da hamsin. Rubuta mata 50 × 7 a takarda ka ga yadda za ta tsaya tana cizon biro. An yi bincike a kan irin wannan a birnin Resife na Barazil, aka buga a 1985, yara masu sayar da kaya a titi sun ci kusan kashi 98 cikin 100 na lissafin ciniki, amma da aka ba su lambobin nan dai a rubuce sai suka dawo kusan kashi 37. Kenan ilimin yana nan a kan yaran, darasinmu ne bai taɓo shi ba.

Na huɗu, ku ɗauki abu ɗaya tak

Za ku fito da matsala goma, ku bar tara. In kun ce za ku gyara duka a zango ɗaya, ba abin da zai gyaru. Mu ce kun zaɓi wannan: yara suna iya rabawa amma ba su san me za su yi da saura ba. Matsala ce sananniya, a farkon shekarun 1980 an tambayi 'yan shekara 13 a Amurka, sojoji 1,128 za a kwasa, kowace bas tana ɗaukar 36, bas nawa ake buƙata, kashi 29 suka rubuta 31 saura 12, kashi 23 ne kawai suka ce 32. Ku rubuta burinku a jimla ɗaya a saman takarda, misali "yaro ya koma cikin labarin ya duba ko amsarsa ta yi ma'ana".

Na biyar, ku tsara darasin tare

Zama biyu ko uku na awa ɗaya bayan an tashi ya isa. Darasin gaba ɗaya tambaya ɗaya ce, eh ɗaya, na san zai yi wa wasu banbaraƙwai tunda mun saba misali biyu a allo sai aikin aji goma. Ga irin tambayar: yara 38 za su je gasar karatu, kowace adaidaita sahu tana ɗaukar yara 4, adaidaita nawa za a kira?

Kafin komai kowa a teburin ya yi tambayar da kansa, har dokta, ta hanya biyu aƙalla. Sai a zo babban aikin, wato hasashen abin da yara za su rubuta. A nan malamin aji ya fi kowa, shi ya san 'ya'yansa. Zai ce wasu za su tara su sami 42, wasu su ɗebe su sami 34, wasu su yi sau su kawo 152, wasu su zana da'ira suna zuba ɗigo huɗu-huɗu, wasu su yi ta ƙirga 4, 8, 12 har 36, wasu su rubuta 9 saura 2 su ajiye biro, 'yan kaɗan su ce 10. A ja layi a takarda gida uku: abin da yaro zai yi, me ya sa, me malami zai tambaye shi. Ga mai 152 misali ba za a ce ba daidai ba, za a ce "yara nawa ne za su tafi? to adaidaita sun fi yaran yawa kenan?" a bar shi ya yi dariya ya koma.

Abin da mai bincike zai kawo teburin shi ne abin da aka riga aka sani a wasu wurare, a taƙaice, ba lacca ba. Misali matakai huɗu da George Polya ya fitar a 1945, fahimci tambaya, yi shiri, aiwatar, waiwaya ka duba, da yadda na huɗun ne aka fi watsarwa. Ko zanen sanduna da 'yan Singafo suke amfani da shi tun shekarun 1980 don yaro ya ga labarin da ido. Kuma shi ne zai ja kunne a kan dabarar nan ta haddace kalma, wai duk inda ka ga "saura" ɗebewa ce, don ita ce ke haifar da masu amsa 37 ɗin can.

A tsara allo ma. A raba shi, tambaya a hagu, hanyoyin yara a tsakiya, abin da aka koya a dama, kuma ba a goge komai har a tashi. A yanke wace hanya za a fara kira: ta zane, sai ta ƙirge, sai ta rabawa. Kayan aiki murfin kwalba ko tsakuwa ko 'ya'yan dabino, ba sai an sayi komai ba. In firiyod ɗinku gajere ne a roƙi hedimasta a haɗa biyu ranar.

Na shida, ranar darasi

Malami ɗaya ne zai koyar, kuma ban da gwada darasin a kan yaran kafin ranar. Ya ba da labarin da Hausa, ya sa yaro biyu su maimaita da bakinsu ba tare da sun faɗi amsa ba, sannan ya bar su kamar minti goma zuwa sha biyar su yi fama, kowa shi kaɗai tukuna sai bibbiyu. Shi yana zagayawa yana duba waye ya yi wace hanya, yana zaɓar waɗanda zai kira.

Masu kallo kada su jeru a bayan aji kamar 'yan kwamitin ɗaurin aure. Kowa a ba shi yara biyu ko uku, ya tsaya kusa da su, ya rubuta abin da suka zana, abin da suka goge, abin da suka raɗa wa juna da ƙarfe nawa. Ba ya koyarwa, ba ya gyarawa, ko yaro ya kalle shi yana neman agaji sai ya yi murmushi kawai. A aji mai yara tamanin wannan ce kaɗai hanyar da za a ji muryar na can lungu.

Sai rabin darasi na biyu, wanda shi ne zuciyar abin. A kira yara allo bi da bi bisa tsarin da aka yi, kowa ya yi bayani, a tambayi aji wa ya yi irin tasa, ina ta yi kama da ta wancan. Lokacin da 9 saura 2 da 10 suka tsaya kusa da juna a allo, malam ya yi shiru ya ce to wanne ne, a bar su su yi musu. Kuma ku shirya, akwai yiwuwar wani ya ce tara sun isa malam, biyun su zauna gaba kusa da direba ko a ɗora su a cinya, ai haka ake yi. Kada a kashe masa gwiwa, wannan yaron ya shiga cikin labarin fiye da kowa. A yaba masa, sannan a ce to in direba ya ce huɗu kawai zai ɗauka fa? Minti biyar na ƙarshe kowa ya rubuta jimla ɗaya ta abin da ya gane yau, da Hausa ko Turanci, a karɓe takardun, a ɗauki hoton allo kafin a goge.

Na bakwai, zaman bayan darasi

A yi shi ranar, kafin a manta, minti arba'in zuwa awa ɗaya, a cikin ajin in zai yiwu allo na nan yadda yake. Wanda ya koyar shi zai fara magana, ya faɗi abin da ya yi niyya da inda abin ya ba shi mamaki. Sai masu kallo, kuma doka ɗaya ce, ba a cewa "darasi ya yi kyau" ko "da ni ne da na yi kaza". Abin da ake so shi ne irin: yarinya mai lamba 14 ta zana da'ira tara, ta tsaya da ɗigo biyu a gefe kusan minti uku, sai da maƙwabciyarta ta ce su kuma a ƙafa za su tafi, sannan ta ƙara da'ira. Daga irin wannan ake gane wace tambaya ce ta motsa tunani. A baje takardun yara a tebur a kasa su gida-gida, a kwatanta da hasashen da aka yi, wanne ya fito, wanne bai fito ba, wanne ne ba wanda ya zata.

Mai bincike shi ne na ƙarshe, minti goma. In ya fara magana da wuri kowa zai koma "haka ne dokta", an gama. Aikinsa ya ɗaure abin da aka gani da abin da aka sani, ya nuna abu ɗaya ko biyu da za a gwada gaba.

Na takwas, a gyara a sake

Wani malamin ya koyar da gyararren darasin a wani aji bayan sati ɗaya ko biyu. Wataƙila an ga 38 ta yi wa masu zane yawa lokaci ya ƙare, a rage zuwa 26. Wataƙila an ga bayanin farko ya yi tsawo har ya ba da amsa. A canza abu kaɗan don a san me ya kawo bambanci.

Bayan kamar sati uku a ba yaran tambayar da ba su taɓa gani ba amma mai irin ƙashin bayan: ƙwai 100, kiret yana cin 30, kiret nawa ake buƙata? Amsa 4. A bi ta da wadda saura ake watsarwa, don kada su haddace cewa kullum ƙara ɗaya ake yi: tela yana da yadi 38, kowace riga tana cin yadi 4, riga nawa za ta fita? Nan 9 ce. Yaron da ya raba tsakanin biyun ya gane. A sake zama da yara shidan nan da tambayoyi biyar ɗin nan na Newman a ga ko inda suke tsayawa ya matsa. Shi mai bincike ya kiyaye wajen rubutu, aji biyu da darasi biyu ba su isa a ce an gano maganin lissafi ba, ya faɗi abin da aka gani iya inda aka gani.

Rahoto a yi shi iri biyu. Na mujalla dai dokta ya san hanyarsa. Na malamai kuma shafi biyu da Hausa: tambayar, amsoshin da yara suka bayar, tambayoyin da suka yi aiki, hoton allo. A tura a guruf ɗin WhatsApp na malaman yankin, a kai taron malamai na gaba, a ajiye kwafi a ofishin hedimasta cikin fayil ɗaya. Zagaye ɗaya a kowane zango ya isa, uku kenan a shekara, kuma kafin a watse daga zaman ƙarshe a buɗe jerin matsaloli taran nan da aka ajiye, a zaɓi ta gaba, a sa rana, a faɗi wanda zai koyar.